Mai Kwashe Sharar da ke Cikin Wayarka: Daga 1960 Zuwa Kasuwar Farm Centre

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba.

Yau tarihi za mu yi, tarihin wani ma'aikaci da ke zaune cikin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita. Ba ka taɓa ganinsa ba, amma yana cikin masu yanke ko wayar za ta tafi sumul ko ta riƙa cijewa. Masana kwamfuta suna ce masa gabej kolekta, wato mai kwashe shara. Ba ni na laƙaba masa ba, sunansa ke nan a littattafansu. An fara bayaninsa a rubuce a watan Afrilu na 1960, wata shida kafin Nijeriya ta samu 'yancin kai.

Me ya sa na ɗauko shi? A nan yankinmu, daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, muna maƙwabtaka da kasuwar waya ta Farm Centre. Kullum Allah ana kashe kuɗi a kan "wayata ta yi nauyi" da "wayata tana maƙalewa". Wasu su sauke manhajar goge-goge, wasu su sayi waya saboda lambar da aka buga a jikin kwali. Idan ka san tarihin wannan ma'aikaci, za ka gane wanne kuɗi ne ya tafi a kan hanya, wanne ne ya tafi a banza.

Bari mu fara raba abu biyu da muke haɗawa da sunan memori. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da bidiyo suke kwance ko da an kashe waya. Akwai kuma RAM, inda manhaja take baza kayanta lokacin da take aiki. Ɗauki tela: ma'ajiya ita ce durowar da yake jibge yadika, RAM kuwa teburin da yake yanka a kai. Durowa tana iya zama fanko, amma idan tebur ya cika da ƙyalle, aiki ya tsaya. Mai kwashe sharar da muke magana a kai ma'aikacin tebur ne.

To mu koma farko. A 1958, a jami'ar MIT da ke kusa da Boston a Amurka, wani malamin lissafi mai suna John McCarthy ya fara gina wani yaren kwamfuta da ya kira Lisp. Shi ne mutumin da ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna a 1955, wannan AI da yanzu kowa yake magana a kai. Kwamfutar da suke aiki da ita, IBM 704, ɗaki guda take cikawa, amma iyakar memorinta gurbi 32,768 ne, kimanin kilobait 144. Hoto ɗaya da ka ɗauka da kyamarar wayarka ba zai shiga ciki ba. Waya mai RAM giga 2, wadda muke rainawa, ta ninka wannan injin sama da sau 14,000. Daga cikin wannan ɗan wuri ma, gurbi kimanin 15,000 ne kawai ya rage wa Lisp ya yi aiki da shi.

Matsalar ita ce Lisp yana ƙirƙirar ƙananan abubuwa ba ƙaƙƙautawa, ya yi amfani da su na ɗan lokaci, ya wuce. Wa zai mayar da gurbin da aka gama da shi? A al'adar lokacin, mai rubuta manhaja ne da kansa zai rubuta cewa a saki wuri kaza. Ɗan Adam kuwa ajizi ne. Idan ya manta bai saki ba, memori ta riƙa yoyo har ta ƙare. Idan ya yi gaggawar saki alhali wani ɓangare yana amfani da wurin, sai wani abu dabam ya zo ya zauna a ciki, komai ya rikice. Kada ku ɗauka wannan tsohuwar matsala ce. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa duk shekara daga kurakuran sarrafa memori suke fitowa. A 2020 masu gina Chrome suka ba da kusan wannan adadi.

McCarthy ya ce a cire wannan aiki daga hannun mutum, a ba injin. Amma ta yaya inji zai san shara? Ai ba ta wari, ba ta da launi. Amsar da ya bayar ita ce har yau ake tafiya a kai: shara ita ce duk abin da babu sauran hanyar isa gare shi. Za a fara daga abubuwan da manhaja take riƙe da su a hannu yanzu, a sa musu alama. Sannan a bi duk abin da suke nunawa, shi ma a sa masa alama, a ci gaba har zare ya ƙare. Daga nan a bi memori tun daga farko har ƙarshe, duk abin da ba shi da alama a kwashe, gurbinsa ya koma cikin jerin wuraren da babu kowa. Sa alama, sannan shara. Wani ɗalibi mai suna Daniel Edwards ne ya rubuta mai kwashe sharar Lisp ɗin.

Dabarar ta yi aiki, amma ta zo da farashi. Kafin a fara sa alama dole komai ya tsaya cak, domin ba a ƙidayar tumaki suna gudu. Mu a Kano mun san wannan sarai. Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, titin Zariya da ba ya hutawa sai ka gan shi wayam, shaguna a rufe, saboda tsaftar muhalli. Al'adar ta samo asali ne daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984. Gari yana tsayawa domin a share gari. A IBM 704 wannan tsayuwa takan ɗauki daƙiƙoƙi da dama, kuma masana har yau suna kiranta tsayar da duniya.

McCarthy ya ba da labarin ranar da suka fara nuna Lisp ga wasu baƙi daga kamfanoni. Ana cikin nuni memori ta ƙare, mai kwashe shara ya tashi, na'urar buga rubutu ta fara zayyano rahotonsa a hankali, harafi goma a daƙiƙa, ba ta da niyyar tsayawa. Ba wanda ya taɓa gaya wa baƙin cewa akwai wani mai kwashe shara a cikin injin. Ɗaki ya ɓarke da dariya, lokacin da aka ware musu ya ƙare. Tun daga ranar, kusan duk tarihin wannan fanni ƙoƙari ne na gajarta wannan tsayuwa.

A ƙarshen 1960 wani mai suna George Collins ya kawo wata hanya. Kowane abu a manna masa ƙidayar waɗanda suke riƙe da shi. Wani ya kama, a ƙara ɗaya. Wani ya saki, a rage ɗaya. Da ta kai sifili a kwashe nan take, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Sai dai tana da rami. Idan abu biyu suna riƙe da juna, kuma duk duniya ta manta da su, ƙidayar kowannensu ba za ta taɓa sauka ƙasa da ɗaya ba, haka za su zauna suna cin wuri. Duk da haka hanyar ba ta mutu ba. Yaren Python da matasanmu da yawa suke koyo da ita yake aiki, tare da wani mai bincike na biyu da ke farautar irin waɗannan masu riƙe da juna. Manhajojin iPhone ma ƙidaya suke yi.

Yanzu ga kashi na biyu na labarin, wanda ba a cika faɗa ba. Kwashe shara kaɗai ba ya isa. Ka yi tunanin sahun sallar Juma'a: mutum ɗaya ya fita daga sahu na biyu, ɗaya daga na biyar, ɗaya daga na tara. Idan ka haɗa giɓin, wurin mutum goma ne. Amma ga mutum huɗu sun zo da tabarma ɗaya, babu inda za su shimfiɗa ta. Haka memori take zama bayan an daɗe ana kwasa: wuri yana nan, amma a warwatse, sai manhaja ta nemi babban gurbi ɗaya a ce mata babu. Maganin shi ne abin da liman yake cewa: a cike giɓi, a daidaita sahu. Kowa ya matsa gaba, sai fili ya buɗe a baya a dunƙule. Wannan shi ne matse memori.

Shi Edwards ɗin nan ana jingina masa wata dabara da ake kira yatsa biyu. Yatsa ɗaya ya taso daga farko yana neman giɓi, ɗaya ya taso daga ƙarshe yana neman abu mai rai, a ɗauko na ƙarshe a cusa a giɓin farko, har yatsun su haɗu. A 1963 Marvin Minsky, abokin aikin McCarthy, ya gwada wata hanya: maimakon a bi shara, a kwashe masu rai kawai a kai su sabon wuri. A 1970 C. J. Cheney ya fitar da salon wannan dabara da har yau ake koyarwa a jami'o'i. A raba memori gida biyu, a zauna a ɗaya. Idan ya cika, a kwashe masu rai a jera su a ɗaya gidan kusa da kusa, tsohon gidan kuma a ɗauke shi fanko gaba ɗaya, ba tare da an taɓa shara ko ɗaya ba.

Wahalar matsawa ita ce adireshi. Duk wanda ya san abu a tsohon wurinsa dole a sanar da shi sabon. Abin da Cheney yake yi shi ne abin da ɗan kasuwa yake yi idan ya canja shago: ya bar rubutu a tsohuwar ƙofa cewa mun koma layi kaza. Duk wanda ya zo ya karanta, ya gyara adireshin da ke hannunsa. Amma ku lura da farashin: rabin memori a zaune take tana jiran ranar ƙaura. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sauran ci gaba biyu suka rage kafin labarin ya iso gida. A 1978 Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, da Leslie Lamport da abokan aikinsu suka nuna yadda za a yi shara alhali manhaja tana ci gaba da aiki. Suka raba abubuwa launi uku: fari wanda ba a kai gare shi ba, toka-toka wanda an gan shi amma ba a gama bin abin da yake riƙe da shi ba, baƙi wanda an gama da shi. Da wannan, mai shara da mai aiki za su iya zama a ɗaki ɗaya ba tare da an zubar da abin da ake bukata ba.

Na biyu ya zo a 1983 da 1984, daga Henry Lieberman da Carl Hewitt a MIT, da David Ungar a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Abin da suka lura da shi duk wanda ya taɓa share tsakar gida ya sani: yawancin abubuwa da ƙuruciya suke mutuwa. Ledar fiya wata minti biyu take yi a hannu, tukunya kuwa ta shekara goma. To me zai sa kullum ka riƙa bincikar ɗakin tukwane? Sai aka ware ɗan ƙaramin wuri na sababbin abubuwa, ana share shi akai-akai cikin ƙiftawar ido. Wanda ya tsallake shara da dama a ɗauke shi a kai sashen tsofaffi, inda ba a cika leƙawa ba.

Yawancin wannan a jami'o'i da ɗakunan bincike yake, sai a 1995 da kamfanin Sun ya fitar da yaren Java, wanda ya zo da mai kwashe shara a jikinsa. Ta nan ya shigo aljihunmu. An fara GSM a Nijeriya a 2001, kuma kafin shekara goma ƙananan wayoyin Nokia masu Java sun cika gari. Sa'o'ina da suka yi zamanin 2go da Opera Mini za su tuna saƙon nan da yake fitowa cewa memori ta ƙare, manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar hira. Mai kwashe shara ne ya zagaya, ya dawo ya ce bai samo wurin da zai isa ba.

Android ta fito a 2008 da wani inji mai suna Dalvik. Hanyar McCarthy yake bi, sa alama da shara, kuma ba ya matse giɓi. Allon wayoyin lokacin yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto yana da kimanin milisakan 16. A farkon Android tsayuwar shara takan wuce milisakan 100, kuma wannan ita ce cijewar da yatsa yake ji idan kana jan allo. A ƙarshen 2010, a Android 2.3, aka mayar da yawancin aikin yana gudana tare da manhaja. A 2014, a Android 5, sabon inji mai suna ART ya maye gurbin Dalvik, yana matse memori idan manhaja ta koma baya. A 2017, a Android 8, aka kai ga matsewa alhali kana cikin amfani da manhajar, kuma Google ya ce wurin da manhajoji suke ci ya ragu da kusan kashi 32 cikin 100 idan aka kwatanta da Android 7. A 2019, a Android 10, aka ƙara masa dabarar ware sababbi da tsofaffi. Kun ga ke nan Tecno ko Infinix ko itel ɗin da ke hannunka tana ɗauke da aikin Cheney da Dijkstra da Ungar a lokaci ɗaya.

To ina abin ya shafe mu? Ku tuna na ce a riƙe maganar farashi. Mai kwashe shara yana bukatar fili kafin ya yi aiki da sauri. A 2005 Matthew Hertz da Emery Berger suka auna abin a kan manhajojin Java. Suka samu cewa idan an ba shi ninki biyar na memorin da manhaja take bukata, saurinsa daidai yake da na sarrafawa da hannu. Da ninki uku, aiki yana raguwa da kashi 17 cikin 100. Da ninki biyu kuwa, da kusan kashi 70. An samu ci gaba tun lokacin, amma ƙa'idar tana nan: ƙaramin tebur, yawan shara. Wanda ya rubuta manhaja yana gwada ta a waya mai giga 12 ba zai taɓa jin wannan ba. Mai sayar da kati a Gyadi-Gyadi da ɗalibar da ke karatu da waya mai giga 2 su ne suke biya, da lokacinsu da cajinsu. Idan abin ya yi tsanani, Android da kanta take kashe manhajojin da ke baya, shi ya sa za ka fita daga manhajar banki ka kwafo lambar asusu, ka dawo ka tarar ta koma farko.

Daga nan nake so mu ɗauki abu uku.

Na farko, manhajojin da suke cewa za su ƙara wa waya gudu. Abin da yawancinsu suke yi shi ne kashe manhajojin da ke baya su nuna maka lamba mai daɗi. Jim kaɗan waɗannan manhajoji su sake tashi daga farko, su ci batir fiye da da. A 2020 Google ya cire ɗaruruwan manhajoji daga Play Store saboda tallace-tallace masu takurawa, har da na kamfanin da ya yi Clean Master. A Android 14, ta 2023, an hana kowace manhaja kashe wata, kuma Google ya rubuta wa masu gina manhaja ƙarara cewa manhajar waje ba za ta iya gyara yadda waya take sarrafa memori ba. Goge tsofaffin bidiyo yana da amfani, domin ma'ajiyar da ta cika maƙil ita ma tana rage gudu, amma wannan da hannunka za ka iya yi kyauta.

Na biyu, idan ka shiga Farm Centre sayen waya ka ga an rubuta giga 8 a kwali, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe 4+4, tsaya ka tambaya. Huɗun farko ne RAM na gaske. Huɗun biyu aro ne daga ma'ajiya, wadda ba ta kusa da RAM a sauri. Tana taimakawa wajen ajiye manhajar da ke baya, amma durowa ba ta zama tebur. 'Yan'uwanmu masu shaguna, ku ma ku riƙa yi wa mai saye wannan bayani. Kwastoman da ka gaya wa gaskiya shi ne mai dawowa.

Na uku, ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja, a BUK ne ko a cibiyoyin koyo ko a ɗaki da YouTube. Mai kwashe shara ba ya kwashe abin da kake riƙe da shi. Idan manhajarka ta loda hotuna ɗari ta ajiye su a wani jeri ta manta, a wurinsa duk masu rai ne, ba zai taɓa su ba. Ka koyi duba yadda manhajarka take cin memori. Android Studio yana da abin aunawa a ciki, kyauta. Ka rage ƙirƙirar abubuwa barkatai a wurin da allo yake motsi. Sannan ka gwada aikinka a wayar da ƙanwarka take riƙewa, ba a wadda ta fi kowacce tsada a gidanku ba.

Abin da ya fi tsaya min a wannan tarihi shi ne, mutanen da suka ƙirƙiro waɗannan dabaru ba a cikin yalwa suka yi ba. Gurbi 15,000 ne a gabansu, ƙunci ne ya tilasta musu tunani. Mu ma a cikin ƙuncin muke: ƙaramin RAM, data mai tsada, wutar da ba ta zama. Wanda yake zaune a Kalifoniya sai ya yi ƙoƙari kafin ya tuna da mai waya irin tamu, mu kuwa da shi muke kwana muke tashi. Idan za a rubuta manhajar da za ta yi wa mai giga 2 adalci, babu wanda ya fi mu sanin inda take ciwo, matuƙar mun zauna mun koyi abin da ke ƙarƙashin allo.

A nan za mu dakata. Ku duba saitin wayarku, ku gaya mana RAM nawa ne na gaske a ciki, da kuma manhajar da ta fi cije muku. Wanda ya san mai shirin sayen waya, ya tura masa wannan kafin ya fita.